Baiwa da Horo: Yadda Muke Siffanta Gwaninta a Fasaha da Ilmi



Aikina na yau da kullum shi ne juya takardun Gwamnati daga Turanci zuwa Hausa, domin mutumin da ke Illela ko Mubi, da ɗan'uwansa da ke zaune a Sabo ta Ibadan ko Agege ta Ikko, su ji abin da ake nufi da harshen da suka fi ganewa. Wata rana aka kawo mini sanarwa game da jarrabawar zaɓen yara waɗanda aka ce sun fi sa'o'insu ƙwaƙwalwa. Sanarwar ba ta cika shafi guda ba, amma kalma ɗaya a cikinta ta tsai da ni wuni guda, watau kalmar nan da Turawa ke kira talent. Ban rasa kalmar Hausa da zan sa a madadinta ba. Yawan kalmomin ne ma ya dame ni, gama na lura kowace na ɗauka, akwai abin da take gaya wa uban yaro game da ɗansa, akwai kuma abin da take gaya wa malami game da aikinsa. Wannan shi ne abin da nake so mu duba tare yau, domin sunan da muka ba gwaninta shi ke nuna wane yaro za mu koyar, wane kuma za mu sallama.

Bari mu fara da abin da ke cikin bakinmu. Bahaushe yakan ce wane yana da baiwa. Baiwa kyauta ce daga Allah, ba a saye ta, ba a roƙe ta ba. (Masu karatu su lura, a rubuce kalmar ɗaya ce da baiwa ta bauta, karin murya ne kaɗai ya raba su, kuma na sha jin mai karanta labarai ya tuntuɓe a nan.) Kusa da ita akwai basira da hazaƙa, waɗanda muka aro daga Larabci, ana faɗinsu ga yaro mai saurin kama karatu. Akwai zalaƙa da azanci ga mai iya sarrafa magana. Akwai fasaha, wadda asalinta a Larabci iya magana ne sarai ba gargada, amma Hausa ta faɗaɗa ta har ta haɗa da zane da sassaƙa da ƙere-ƙeren zamani. Sa'an nan akwai wani rukuni dabam, watau gwaninta da ƙwarewa da iyawa. Waɗannan ba a faɗinsu ga jariri. Ba wanda ya taɓa cewa an haifi wane ƙwararre.

A makarantun allo aka fi tsare wannan bambanci. Malam yakan gane yaro mai hadda tun yana kolo, yakan kuma ce yaron nan Allah ya ba shi. Amma ba zai kira shi gwani ba. Sai ya yi titibiri, ya yi gardi, ya sauke, ya haddace, ya rubuta Alƙur'ani da ka, ya zauna gaban alarammomi suna gyara masa shekara da shekaru, kafin masu abin su yarda su ce gwani wane. Ashe kakanninmu sun san da baiwa, amma ba su ba ta rawani ba sai ta bi ta hannun horo.

Ita kanta kalmar Turancin da ta tsai da ni, da na bi asalinta sai na ga abin mamaki. A ƙasar Girka ta dā, talanti ma'aunin nauyi ne, sa'an nan ya zama sunan kuɗi masu yawa, na azurfa ko zinariya. Ma'anar da muka sani yau ta samo asali ne daga misalin nan da ke cikin Linjila, na maigidan da zai yi tafiya ya ba barorinsa uku ajiya, ɗaya talanti biyar, ɗaya biyu, ɗaya guda. Biyu suka juya nasu suka sami riba, na ukun ya haƙa rami ya binne. Watau tun asali jari ake nufi, amanar da za a tambayi mutum yadda ya yi da ita. Daga baya ne aka manta da zancen juyawa, aka riƙe zancen mallaka kawai.

Muna da hanya ta uku ta siffanta gwaninta, ita ce kuwa ta fi ƙarfi a karkara da tsofaffin birane, watau gado. Mukan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ɗan maƙeri maƙeri ne, ɗan makaɗi makaɗi ne, wanda kuwa ya shiga sana'ar da ba ta gidansu ba sai a kira shi ɗan haye ko shigege. Akwai gaskiya a cikin wannan, amma ba inda ake zato take ba. Yaron da ya tashi yana zuga wa ubansa wuta tun yana shekara 6, kafin ya kai 16 ya yi shekara 10 yana makarantar ƙira ba tare da an rubuta sunansa a rajista ba. Abin da muke kira jini, sau da yawa zama kusa ne. Illar wannan siffantawa ita ce tana rufe ƙofa ta fuska biyu: tana tsare ɗan gado a cikin sana'ar da watakila ba ya so, tana kuma hana wanda yake so shiga. Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923, bai gaji waƙa ba. Mahaifinsa bai so ya yi ta ba, domin a ganinsa roƙo ce, ba ta kuma dace da gidansu ba. Da an bi dokar gado sau da ƙafa, da ƙasar Hausa ta yi hasarar mawaƙin da ya yi fiye da rabin ƙarni yana waƙa har rasuwarsa a 1999, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988. Da kuma abin nasa ya gagari masu zancen gado, sai aka koma cewa ai aljanu ke ba shi waƙa. Haka muke yi kullum: in mun kasa bayanin gwanintar mutum, sai mu kai ta inda ba wanda zai iya bin sawunta, mu huta da tambayar yadda aka yi ya koya.

Yanzu ina so ku biyo ni zuwa gari guda a Jihar Neja, domin a can ne na ga an ajiye ma'anoni biyu na baiwa kusa da juna, kamar an yi da gangan. Garin shi ne Suleja. Dā sunansa Abuja, sai bayan da aka tsai da shawarar gina sabon babban birnin Tarayya a 1976 ya ba da sunansa ga sabon birnin, shi kuma aka sa masa suna daga na Sarki Sulaimanu Barau.

Duk wanda ke da takardar naira 20 a aljihu ya juya bayanta, zai ga wata mata ta duƙufa a kan tukunya. Ladi Kwali ke nan. An haife ta wajen 1925 a garin Kwali, a ƙasar Gwari, inda ginin tukwane aikin mata ne. Ba ta yi karatun boko ba. Wurin wata 'yar'uwar iyayenta ta koyi gini tun tana yarinya, irin ginin hannu, inda maginiya ke murza yumɓu kamar igiya tana ɗora shi tana zagaya tukunyar da ƙafa har ta tashi. Takan gina randuna da tuluna da tukwanen girki, ta zana musu ƙadangare da kada da kunama da hawainiya da kifi da tsuntsu, sa'an nan a gasa su a fili da itace da ciyawa. Aikinta ya yi kyau har Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya sayi wasu ya ajiye a gidansa, don ado, ba don zuba ruwa ba. A nan ne wani Baturen Ingila magini, Michael Cardew, wanda Gwamnati ta ɗauka don ya duba sha'anin ginin tukwane a ƙasar nan, ya gan su. Shi ne ya kafa makarantar koyon ginin tangaran a Abuja a farkon shekarun 1950. Da maza aka fara. Sai a 1954 Ladi ta shiga, ita ce mace ta farko.

To, ga tambaya. Yaushe Ladi Kwali ta zama mai baiwa? Ranar da Cardew ya ga tukwanenta? Ai kafin ranar ta yi shekaru masu yawa tana gini, kuma Sarki ya riga Bature gani, matan kasuwa kuwa sun riga Sarki. Ko kuwa tun ranar da aka haife ta? In haka ne, me za mu ce da shekarun da ta yi gaban wadda ta koya mata, tana ɓata yumɓu ana sa ta sakewa? Masu rubuta labarinta sukan so su ce an gano ta, kamar yadda ake tsintar zinariya a rafi. Ni ban yarda da wannan kalma ba, domin tana shafe malamarta ta farko, tana kuma shafe dukan matan Gwari da suka tara wannan ilmi uwa ta ba 'ya har ya iso gare ta.

Abin da ya fi burge ni a labarinta shi ne abin da ta yi bayan ta shiga makarantar. Mace ce da ta kusa shekara 30, gwana a sana'arta, amma ta koma ɗaliba. Ta koyi gini a kan faifai mai juyawa, abin da ba a san shi ba a garinsu. Ta koyi shafen ƙyalli, da gashi a rufaffen tanderu mai zafin da ya haura digiri 1,200, wanda ke mai da yumɓu kamar dutse. Ba ta kuwa yar da nata ba. Ta ci gaba da gina manyan randunanta da hannu, da zanensu na gida, sai dai yanzu ana shafe su a gasa su ta sabuwar hanya. Randar ta yi nauyin da ba za a ɗauko ruwa da ita ba, ta kuma daina tsatsafar da ke sanyaya ruwa, watau ta fita daga ɗakin girki ta koma ɗakin nuni. Wannan hasara ce ta wani gefe, ba zan ɓoye ba. Amma ta haka aikinta ya kai Landan, aka nuna shi a 1958 da 1959 da 1962. A 1972 ta zaga Amurka tana gini a gaban ɗalibai da malamansu. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa, a 1980 kuma Gwamnatin Tarayya ta ba ta lambar yabo mafi girma da ake ba masana. Ta rasu a 1984.

Ku ƙirga abubuwan da suka haɗu kafin a sami hoton nan na bayan naira 20: hannu da ido da Allah ya ba ta, malama a gida, al'ummar da ke daraja aikin, sarki mai lura, makarantar da aka gina kusa da garinsu, da kuma yarda da aka yi a buɗe wa mace ƙofa. Ku cire guda ɗaya ku gani. Ba na shakka a ƙauyukan da ke kewaye da Kwali an yi mata masu hannu irin nata waɗanda suka rayu suka mutu ba wanda ya san sunansu bayan kasuwar garinsu.

Irin wannan labari ya sha faruwa a ƙasar nan. A zamanin mulkin mallaka akwai Turawan da suka ɗauka baƙar fata ba zai iya zana kamannin mutum daidai ba, ai sassaƙar gumaka ce baiwarsa. Aina Onabolu, mutumin Ijebu Ode, ya koya wa kansa zane ta kwaikwayon hotunan littattafai da jaridu don ya ƙaryata wannan magana, ya tafi Landan karatu a 1920, ya dawo ya dage sai an sa zane cikin darussan makarantu. Ta dalilin wannan ƙoƙari aka kawo malamin zane Kenneth Murray a 1927, cikin ɗalibansa kuwa akwai Ben Enwonwu na Onica, wanda shi ma ɗan masassaƙi ne, ya haɗa gado da makaranta. Mu ma a Arewa, kafin 1933 ba mu da ƙagaggun labarai na Hausa da aka buga cikin boko. Ba masu iyawa aka rasa ba. A shekarar ne Hukumar Fassara da ke Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasa, sai ga Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da sauransu. Imam a lokacin matashin malamin makaranta ne a Katsina, shekarunsa 22. Gasar ba ta halicci basirarsa ba, amma ba don ita ba, da ƙila ba a kira shi Zariya ya rubuta Magana Jari Ce ba, balle ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939.

Mu koma Suleja, ga ma'ana ta biyu. Wannan ta makarantar boko ce, ita kuwa tana cewa baiwa abu ne da ake iya aunawa, a ba shi maki. Tarihin awon ba shi da tsawo. A 1905 wani Bafaranshe, Alfred Binet, da abokin aikinsa suka tsara jarrabawar auna fahimtar yara. Nufinsu a gano yaran da aka bari a baya don a taimake su, kuma Binet bai yarda cewa hankalin yaro abu ne tsayayye da ba ya ƙaruwa ba. Da jarrabawar ta haye zuwa Amurka sai aka juya ta. A 1921 Lewis Terman na Jami'ar Sitanfod ya sa aka gwada yaran Kalifoniya, ya tsame kimanin 1,500 da suka fi kowa maki, aka yi ta bin rayuwarsu har tsufa. Yawancinsu sun yi karatu mai zurfi, sun sami aikin kirki, wannan gaskiya ne. Amma ba ko ɗaya cikinsu da ya ci kyautar Nobel. Cikin yaran da aka gwada aka bar su kuwa, akwai biyu, William Shockley da Luis Alvarez, waɗanda daga baya kowannensu ya ci wannan kyauta a fannin kimiyya, ɗaya a 1956, ɗaya a 1968. Ba ina nufin awon ba shi da amfani ba. Ina nufin mudu ne, kuma mudu abin da aka zuba a cikinsa kaɗai yake aunawa.

A nan gida, Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta sa yara masu baiwa cikin waɗanda ke bukatar kulawa ta musamman, tare da makafi da kurame da guragu. Wannan tunani ne mai kyau, gama yaron da ya gama aikin aji tun malam bai gama rubutu a allo ba, in aka bar shi zaune haka, ko dai ya yi sanyi ko ya zama fitinanne. A 1986, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, Farfesa Jibril Aminu yana Ministan Ilmi, aka ɗauki matakin kafa makaranta ta musamman domin irin waɗannan yara, aka kuwa ajiye ta a Suleja. Ta hanyar jarrabawa ake shiga, daga dukan jihohi. Ina kira ga iyaye da shugabannin makarantun firamare, musamman na karkara, su riƙa shigar da yaransu wannan jarrabawa, 'yan mata da samari, kada su ɗauka ta 'ya'yan ma'aikata ce.

Amma ku tsaya ku yi tunani. A garin da Ladi Kwali ta yi aikin da ya kai sunan Nijeriya ƙetare, an gina makarantar masu baiwa wadda, da ta zo ƙofarta tana yarinya, ba za ta iya rubuta sunanta a kan takardar jarrabawa ba. Wannan ba aibu ba ne ga makarantar, gama ba don magina aka yi ta ba. Aibun yana wurinmu in muka ɗauka wanda ya ci jarrabawar shi kaɗai ne mai baiwa, sauran dubban da suka faɗi, da miliyoyin da ko labarinta ba su ji ba, ba su da kome. Jarrabawar da ake yi da Turanci ga ɗan shekara 11 tana auna basirarsa, haka ne, amma tana kuma auna ko makarantarsu tana da malamin Turanci, ko yana da littafi, ko ya karya kumallo ran nan.

Akwai masu gudun wannan rami su faɗa wani. Su ne masu cewa babu wani abu wai shi baiwa, ƙoƙari ne kawai. Sukan kafa hujja da binciken da Anders Ericsson da abokansa suka buga a 1993, a kan ɗaliban gogen Turawa a wata makarantar kiɗa ta Balin, a Jamus. Sun gano cewa waɗanda suka fi iyawa sun tara kimanin sa'a 10,000 ta gwaji kafin su cika shekara 20, fiye da na ƙasa da su nesa ba kusa ba. Daga nan aka yi ta yayata cewa kowa ya yi sa'a 10,000 a kan kowane abu zai zama gwani, maganar da shi mai binciken ma bai yi ba. A 2014 wasu masana suka tattara bincike masu yawa suka sake lissafi, sai suka ga yawan gwaji ya bayyana kimanin kashi ɗaya ne cikin biyar na bambancin da ke tsakanin makaɗa, a karatun makaranta kuwa bai ma kai haka ba. Malamin allo ba ya bukatar a gaya masa wannan. Ya sha ganin yara biyu a gindin wuta ɗaya, allo iri ɗaya, wannan ya wanke sau uku wancan bai wanke sau ɗaya ba. Bambancin halitta gaskiya ne, kuma zalunci ne a ce wa yaron da ya yi iyakar ƙoƙarinsa wai lalaci ne ya hana shi. Abin da ba mu da ikon sani shi ne iyakar yaro tun ba mu koyar da shi ba.

Wannan ya kawo ni ga malaman makaranta, waɗanda su na fi nufi da wannan jawabi. Kalmomin da muka yi ta juyawa tun ɗazu, a bakinku suke zama hukunci. Na ga takardun sakamako da yawa a rayuwata, na 'ya'yana da na 'yan'uwa da ake kawo mini in karanta wa iyayen da ba su jin Turanci. A wata, malami ya rubuta kalma ɗaya tak game da yaro ɗan shekara 8, wadda in na fassara ta daidai ita ce daƙiƙi. Uban yana tsaye yana jiran in gaya masa abin da aka ce. Na san in na faɗa, daminar nan yaron zai koma gona, ba kuwa zai dawo ba. Na tambayi yaron a ina yake zama a aji, ya ce can baya. Na nuna masa rubutun kalanda a bango, sai na ga yana matse ido. Ba ya ganin allo ne. Shekara biyu ana auna ƙwaƙwalwarsa, ba wanda ya auna idonsa.

Yabo ma yana da nasa haɗari. A 1998 Carol Dweck da abokiyar aikinta Claudia Mueller suka yi gwaji da 'yan firamare a Amurka. Bayan yaran sun yi wani aiki, aka ce wa wasu lalle kuna da ƙwaƙwalwa, aka ce wa wasu lalle kun yi ƙoƙari. Da aka ba su zaɓi, waɗanda aka yabi ƙwaƙwalwarsu sun fi karkata ga aiki mai sauƙi, don kada su faɗi sunan ya ɓaci, kuma da aiki ya yi wuya su suka fi saurin karaya. Manyan gwaje-gwajen da aka yi daga baya sun nuna cewa canza tunanin yara ta wannan hanya yana taimakawa, amma kaɗan, ba kamar yadda aka zuzuta da farko ba. Duk da haka darasin yana nan. Yaron da aka saba ce masa haziƙi yakan ɗauki kuskure abin kunya, alhali kuwa Ladi Kwali ba ta iya faifai mai juyawa ba sai da ta yarda ta yi kuskure a gaban mazan da ba su kai ta sanin yumɓu ba.

Saboda haka roƙona ga malami shi ne, in zai rubuta wani abu game da yaro, ya siffanta aikin, ya bar yaron. Ya ce yana haɗa lissafi amma bai iya rabawa ba tukuna. Ya ce karatunsa na tafiyar hawainiya amma in aka karanta masa yana riƙewa. Ya ce yarinyar nan zanenta ya fi na sa'o'inta, a nema mata takarda da fensir. Irin wannan magana tana gaya wa uba abin da zai yi gobe, tana kuma gaya wa malamin aji na gaba inda zai kama. Daƙiƙi ba ta gaya wa kowa kome, sai dai ta sauke wa malami nauyi. Haka kuma darasin zane da aikin hannu da kiɗa, kada a mai da shi lokacin shara ko lokacin da malam zai je kasuwa. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ya yi niyyar kowane yaro ya taɓa aikin hannu a ƙaramar sakandare don a ga inda ya nufa, amma a makarantu da yawa injunan da aka sayo sun tsufa a cikin akwatunansu, don babu wuta ko babu malami. Yanzu da ilmin tushe ya zama shekara 9 a jere, kada mu maimaita. Yumɓu ba ya bukatar lantarki, kuma da wuya a sami gari a ƙasar nan da babu maginiya ko masaƙi ko baduku da zai iya zuwa makaranta sa'a ɗaya a mako.

Ga iyaye kuwa, in ɗanku ya nace wa abin da ba na gidanku ba, ku bincika kafin ku hana. In kuma aka ce muku ba shi da ƙwaƙwalwa, ku je makarantar da ƙafarku ku tambayi malamin me daidai yaron ya kasa, a kuma duba idonsa da kunnensa a asibiti.

Sauran zancen sanarwar da aka ba ni in fassara. Da farko na rubuta yara masu baiwa, na soke, domin uban da ɗansa ya faɗi zai karanta cewa nasa ba shi da ita. Na rubuta haziƙan yara, na soke, domin ta bar masu aikin hannu a waje. Daga ƙarshe na rubuta yaran da baiwarsu ta riga ta bayyana a karatu. Babban jami'inmu ya ce ta yi tsawo, ba za ta shiga layin kanun ba. Na roƙe shi a rage girman baƙaƙen, aka rage, haka kuwa aka buga ta.